BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA: YADDA 'YAN DAGAJI KE SHIRYA BABURA DOMIN TSEREN DAKAR

A watan Janairu na kowace shekara, sa'ad da hunturu ya kankama a nan wajenmu har mutum yakan yi ƙyuyar fita da asuba, akwai waɗansu mutane da ke tashi tun da sauran dare, su naɗe tantinsu, su hau babur su nufi cikin hamada. Mako biyu sukan yi suna haka, kullum tafiyar ɗaruruwan kilomitoci, a kan rairayi da duwatsu, inda babu kwalta, babu mai faci, babu kuma wanda za a tambaya hanya. Wannan shi ne tseren da duniya ta sani da suna Dakar. Tun shekara ta 2020 a ƙasar Saudiyya ake yinsa, amma sunansa na Afirka ne, kuma dattawan Agadas da Yamai ba su manta da shekarun da ƙurarsa ke tashi a ƙofar garuruwansu ba.

Jaridu da talabijin sukan nuna mana zakarun tseren, watau ƙwararrun da manyan kamfanoni irin su KTM da Honda ke biya albashi, suna kuma bin su da makanikai da manyan motoci cike da kayan gyara. Mu a wannan fitowa ba su muka sa gaba ba. Muna so mu duba 'yan dagaji, watau mutanen da hawan babur ba shi ne sana'arsu ba: 'yan kasuwa, manoma, likitoci, makanikai, waɗanda ke tara kuɗi shekara da shekaru domin su je sau ɗaya. Su ne suka fi yawa a cikin mahaya, kuma yawancinsu ba kofi ya kai su ba. Burinsu su ga ƙarshen hanya da ransu da lafiyarsu. Yaya irin waɗannan mutane ke shirya babur, su shirya jiki, su haɗa abokan tafiya?

MAFARIN AL'AMARIN

Ɓatan hanya ne ya haifi wannan tsere. A shekara ta 1977 wani matashi Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ya shiga tseren babura daga Abidjan zuwa birnin Nice na Faransa, sai ya ɓace a hamadar Libiya. Da ƙyar aka gano shi da sauran numfashi. Maimakon ya yi rantsuwa ba shi ba hamada, sai ya koma gida da niyyar kawo waɗansu su ga abin da ya gani. Ran 26 ga Disamba 1978 ababan hawa 182 suka tashi daga Paris. Suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasset zuwa Agadas da Yamai, sa'an nan Gao da Bamako, tafiyar kimanin kilomita 10,000. Ran 14 ga Janairu 1979 guda 74 kaɗai suka isa Dakar. Wanda ya zo na ɗaya, Cyril Neveu, a kan babur yake, Yamaha XT500, irin wanda kowa ke iya saye a kanti a wancan zamani.

Ashe ke nan da 'yan dagaji aka fara. Mahayan farko sukan sayi babur na kasuwa, su ƙera masa babban tanki, su ɗaure jaka a baya, su kama hanya. Hamadar Tenere ta ƙasar Nijar ce ta koya musu cewa wannan bai isa ba. A 1983 guguwar rairayi ta taso wa tseren a tsakiyar Tenere, 'yan tsere kimanin 40 suka ɓace, Sabine ya yi kwana huɗu yana yawo a jirgin sama mai saukar ungulu kafin aka tattaro su duka. A wannan shekara ce kuma kamfanin Yamaha ya fito da wani babur mai tanki na kusan lita 30, ya raɗa masa suna Tenere, sunan da har yanzu yake sa wa waɗansu baburansa. Sabine kansa ya rasu a hatsarin jirgi a ƙasar Mali ran 14 ga Janairu 1986, aka kuwa watsa tokarsa a gindin wata bishiya da ke tsaye ita kaɗai a cikin Tenere.

Agadas ta zama babban zangon tseren, da taimakon mutanen wurin irin su Mano Dayak, Ba'abzinen da filin jirgin saman garin ke amsa sunansa a yau. A 1997 ma tseren ya tashi daga Dakar ne, ya juya a Agadas, ya koma Dakar. Daga baya rashin tsaro ya raba su. A shekara ta 2000, da aka iso Yamai, sai aka kwashi mutane da ababan hawa a jiragen sama zuwa Libiya saboda barazanar hari. A 2008 aka soke tseren ɗungum ana gobe za a tashi, bayan kisan waɗansu Faransawa huɗu a Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi shi a Kudancin Amurka, sa'an nan ya koma Saudiyya. Wani tseren dabam mai suna Africa Eco Race shi ne ya gaji tsohuwar hanyar Maroko da Muritaniya zuwa Senegal.

KAFIN A TAƁA SIFANA

Shirin farko na takarda ne da na aljihu. A yau ba duk mai kuɗi ake karɓa ba. Mahayi zai aika wa masu shirya tseren bayanin tseren da ya taɓa yi, kuma sukan so su ga ya gama wani babban tseren hamada, kamar na Maroko ko na Abu Dhabi, kafin su amince da shi. Akwai lasisin tsere, akwai gwajin likita, akwai inshora. Kuɗin rajistar babur ɗaya kaɗai a 'yan shekarun nan ya haura Yuro 15,000. Sabon babur da aka ƙera domin wannan aiki ya wuce Yuro 25,000. Ba a yi maganar tayoyi ba, da kayan gyara, da kayan sawa, da kuɗin jirgi, da kuɗin tseren gwaji.

Saboda haka ɗan dagaji yakan shafe shekara guda ko biyu yana bin kamfanoni da abokan arziki, yana roƙo su sa sunansu a jikin babur da rigarsa su ba shi gudummawa. Waɗansu sukan sayar da mota, waɗansu su ci bashi. A nan ne ya kamata mutum ya zauna da iyalinsa a yi magana ta gaskiya, gama kuɗin gida ne za su tafi, kuma mai gidan ne zai shiga inda waɗansu suka shiga ba su dawo ba. Wanda bai daidaita da mutanen gidansa ba, da nauyi biyu zai hau babur.

BABUR

Tun 2011 doka ta ƙayyade girman injin babur ɗin Dakar, kada ya wuce cc 450. Ɗan dagaji yana da zaɓi biyu. Ko dai ya sayi wanda kamfani ya riga ya shirya, kamar KTM 450 Rally, sabo ko na hannu, ko kuwa ya sayi babur ɗin daji na kasuwa ya yi masa ƙari da kansa. Na biyun ya fi araha a farko, amma duk abin da mutum ya ƙera da hannunsa sai ya gwada shi da kyau, kuma in ya lalace a hamada da wuya a sami mai irinsa. Wanda ya hau irin babur ɗin da yawancin mahaya ke hawa, in wani abu ya karye yana iya samun aro a zango.

Abu na farko shi ne mai. Tsakanin wurin shan mai da na gaba akan yi kimanin kilomita 250, kuma rairayi mai laushi yana sa inji ya sha mai fiye da kima. Don haka babur ɗin kan ɗauki fiye da lita 30, a rarrabe cikin tankuna, waɗansu a gaba, wani a ƙarƙashin kujera ta baya, domin nauyin ya sauko ƙasa ya kuma daidaita. Rarrabawar tana da wani amfani: in tanki ɗaya ya fashe, akwai saura. Babur ɗin ba mai yana da nauyin kilo 140 ko kusa da haka. In aka cika shi, aka ƙara ruwa da kayan aiki, mai karatu ya auna yadda ɗaga shi zai kasance a gefen tudun rairayi da tsakar rana, ba kuwa sau ɗaya ba.

Na biyu ƙafafu. Ta gaba inci 21 ce, ta baya 18, da wayoyi masu kauri waɗanda ake bi ɗaya bayan ɗaya kowace yamma ana ƙwanƙwasawa a ji wadda ta saki. A cikin taya kuwa ba tif ake sawa ba. Akwai wani zoben roba mai kama da soso da ake cusawa ya cika cikin tayar, ba ya bukatar iska, saboda haka ƙaya ko dutse ba su sa shi faci. Amma yana da nasa aibi. In aka daɗe ana gudu mai tsanani yakan yi zafi ya marmashe, kuma cusa shi a taya aiki ne mai fitar da gumi. Wanda bai koyi sa shi a gida ba har hannunsa ya saba, zai sha wuya da shi a zango da dare.

Na uku shi ne numfashin inji. Babban maƙiyin inji a hamada ƙura ce, musamman wata mai laushi kamar garin fulawa da ke kwance a kwaruruka. In ta shiga inji sai ta goge shi ta ciki kamar yadda ake goge tukunya da yashi. Abin da ke tsaye tsakaninta da inji shi ne matatar iska, watau soso da aka jiƙa da wani mai mai danƙo. Kullum ake canza ta. Mahayi yakan wanke da yawa tun daga gida, ya shafe su da mai, ya ƙulle kowace a ledarta. Baƙin mai ma kusan kullum ake juyewa. Canza inji gaba ɗaya kuwa yana jawo horo na ƙarin lokaci, ga kuma tsada, don haka ɗan dagaji lallaɓa nasa yake yi.

Sa'an nan sai ƙananan abubuwa, waɗanda su ne suka fi mayar da mutane gida. Girgizar mako biyu tana kwance kowane noti, saboda haka akan warware babur ɗin gaba ɗaya, ko da sabo ne, a bi kowane noti a ɗiga masa gam na musamman a sake ɗaurewa. Akan bi wayoyin wuta a naɗe duk inda za su goga da ƙarfe. Akan sa faranti mai ƙarfi a ƙarƙashin inji saboda duwatsu, a sa kariya a gaban hannuwa domin kada faɗuwa ta karya hannun birki ko na kuloc. Shokazoba kuma sai an daidaita ta da nauyin mahayin tare da kayansa da cikakken tanki. A jikin babur akan ɓoye sifanu, filaya, fulogi, mahaɗin sarƙa, waya, da gam mai toshe ɓulin ƙarfe. Ƙa'idar masu abin ita ce, da sifanun da za ka tafi da su za ka yi duk gyaran gida. Ta haka za ka gane wanda ya rage tun kana kusa da kanti.

IDO A HANYA, IDO A TAKARDA

A gaban kan babur akwai wata 'yar hasumiya mai ɗauke da kayan neman hanya. Mutane da yawa suna tsammani na'urar tauraron ɗan Adam ce ke jan mahayi. Ba haka ba ne. Na'urar da masu tseren ke bayarwa a kulle take, ba ta nuna kibiya sai mutum ya kusato waɗansu wurare da aka ƙayyade, kuma duk wanda ya tsallake ɗaya daga cikinsu za a ƙara masa lokaci. Ainihin jagora shi ne littafin hanya. Shekaru da yawa doguwar takarda ce a naɗe cikin akwati, mahayi na murza ta da maɓalli a ƙarƙashin babban yatsansa, ko da yake yanzu ana komawa ga allo irin na kwamfuta. Kowane layi yana da nisan tafiya, da ɗan zane na abin da za a gani, ko dutse ko rijiya ko mararraba, da lambar kamfas da za a bi. Alamar motsin rai guda ɗaya tana nufin a yi hankali, biyu hatsari, uku kuwa hatsari mai iya kisa.

Wahalar ita ce, mutum yana tsaye a kan babur yana gudu a kan duwatsu, dole kuma ya riƙa saukar da ido yana karatu. In ya yi kewaye kaɗan, awon nisansa ya saɓa da na takarda, sai ya gyara da hannu. A da akan ba da takardar tun daren jiya, mahaya su kwana suna shafa mata launi. Daga baya aka koma ba da ita da safe dab da tashi, domin manyan kamfanoni kada su sa masanansu su binciko hanyar da dare. Ɗan dagaji yakan ji kwaɗayin bin sawun na gaba kawai. Amma iska tana share sawu, kuma na gaban ma yana iya zama ɓatacce. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. A hamada takardar nan ce kaɗai abin tambaya, sai wanda ya koyi harshenta.

Akwai kuma kayan ceton rai. Kowane babur yana ɗauke da na'urar da ke nuna wa hedkwatar tsere inda yake, mahayi yana iya danna ta ya nemi likita, ana kuma iya yi masa magana ta cikinta. Wata na'urar tana ƙara in mota na so ta wuce shi a cikin ƙura. Dole ne ya goya ruwan sha a baya, ya kuma riƙe ɗan guzurin gaggawa. Ban da hular kwano da takalma masu tsawo da makarin gwiwa, tun 2021 an wajabta wata riga mai kumbura da iska nan take in mutum ya faɗi, domin ta kare ƙirji da baya.

MAHAYI

An fi samun babur da ya shirya a kan mahayin da ya shirya. Ranar tsere takan fara kafin gari ya waye, da doguwar tafiya a kan kwalta cikin sanyi zuwa inda za a fara awon lokaci, sa'an nan tseren kansa, sa'an nan wata tafiyar zuwa zango. Ƙwararre yakan iso da rana tsaka ya huta. Ɗan dagaji yakan iso bayan magariba ko cikin dare, ya ci abinci, ya yi gyara, ya kwanta awa uku ko huɗu. Gobe ya tashi a gajiye, gajiya ta sa ya faɗi, faɗuwa ta sa ya ƙara makara. Wannan zoben ne ke cinye mutane a mako na farko.

Maganinsa tun daga gida ake nemansa. Watanni kafin tafiya mahayi yakan yi ta tuƙa keke da gudu da ɗaga nauyi, ya kuma yi ta hawan babur na awa shida ko takwas a jere, a tsaye, domin ƙafafu su zama su ne ke shanye girgiza. Yakan je inda akwai tuddan rairayi ya koyi halinsu: gefen da iska ke bugawa yana da tauri, ɗaya gefen kuwa yakan yanke kamar bango, don haka ana hawa da ƙarfi a sassauta totur a ƙoli a leƙa kafin a gangara. Yakan koyi tono babur da ya nutse ba tare da ya ƙona kuloc ba. Mafi wuya duka, yakan koyi tafiya ƙasa da iyakar gudunsa. Tafiya sannu sannu kwana nesa. Kirsten Landman ta Afirka ta Kudu, wadda mummunan hatsari ya taɓa kwantar da ita a sume a 2013, ta gama Dakar a 2020, mace ta farko daga Afirka da ta yi haka a kan babur, ba kuwa don ta fi kowa gudu ba.

ABOKAN TAFIYA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan dagaji sukan haɗu biyu ko uku ko huɗu su yi ƙungiya, su ɗauki makaniki ɗaya, su yi karo-karo su sami wuri a babbar motar kaya. Hikima ita ce kowa ya hau babur iri ɗaya, domin kayan gyara ɗaya su wadaci kowa. Makanikin nan shi ma tsere yake yi: da rana yana cikin mota a kan wata hanya dabam zuwa zango na gaba, da dare yana kan babura har asuba. Akwai kuma mai riƙe da takardu da kuɗi da biza. Tun wajen wata guda kafin a fara ake loda ababan hawa a jirgin ruwa daga Turai, ma'ana duk abin da aka manta a ranar an manta shi ke nan. In an isa kuma akwai jami'an da ke bincika babur da kayan ceto ɗaya bayan ɗaya kafin su ba da izinin tashi.

Akwai maganganun da ƙungiya ke yankewa tun ana shan shayi a gida. In ɗaya ya fi sauran sauri, zai jira ne ko zai wuce? In babur ɗin wani ya mutu, wa zai ja shi? In taya ɗaya ta rage, ta wa ce? In ɗaya ya fita daga tseren, an yarda a kwance babur ɗinsa a gyara na sauran? Abota da yawa ta lalace a hamada saboda an bar waɗannan tambayoyi sai da gajiya da yunwa suka zo.

Misali sananne shi ne na shekara ta 2006, sa'ad da tseren ya tashi daga Lisbon ta ƙasar Fotugal. Charley Boorman, ɗan wasan fim na Ingila wanda ya yi suna da doguwar tafiya a kan babur amma bai taɓa irin wannan tsere ba, ya haɗa ƙungiya ta mutum uku a kan babura ƙirar BMW, shi da Matt Hall da Simon Pavey, wanda ya riga ya san Dakar kuma shi ne ya horar da su. Sun yi watanni suna shiri, suna kuma da masu ɗaukar nauyi. Duk da haka Boorman ya faɗi a Maroko ya karya ƙasusuwan hannu, ya lallaɓa ya kai zango, daga nan tafiyarsa ta ƙare. Hall ma ya fita daga baya. Pavey kaɗai ya ga Dakar. A shekarar, cikin babura fiye da 200 da suka tashi, waɗanda suka isa ba su kai rabi ba.

Akwai kuma waɗanda ke tafiya ba makaniki sam. Rukuninsu an daɗe ana kiransa Malle Moto, daga kalmar Faransanci mai nufin akwati, yanzu kuma ana ce da shi Original by Motul. Masu tseren sukan ɗaukar wa kowannensu akwati ɗaya na kayan gyara, da tayoyi, da tanti da jakar tufafi, daga zango zuwa zango. Sauran aiki duka nasa ne. Ba a yarda makaniki ya taɓa masa babur ba, amma 'yan rukunin suna iya taimakon juna, kuma sun yi suna wajen haka: wannan ya ara wa wancan sifana, wancan ya riƙe wa wannan fitila. Ko masu makaniki ma akwai ranakun da ake raba su da motocinsu su kwana a daji, kowa ya yi gyaransa. Wanda babur ɗinsa ya mutu murus sai ya jira babbar motar da ke bin baya tana kwashe ragowa, wadda Faransawa ke kira motar tsintsiya. Wani lokaci jiran yakan kai kwana.

ABIN DA BA A SO A FAƊA

Ba za mu rufe ba tare da mun faɗi farashin abin ba. Fabrizio Meoni na Italiya, wanda ya ci tseren a 2001 da 2002, ya mutu a Muritaniya a Janairu 2005. Andy Caldecott na Ostareliya ya mutu a can a 2006. Paulo Gonçalves na Fotugal, wanda a 2016 ya tsayar da tserensa domin ya zauna da wani mahayi da ya karye, shi ma ya faɗi ya mutu a Saudiyya ran 12 ga Janairu 2020, kuma abokin hamayyarsa Toby Price ya tsaya a kansa har jirgi ya ɗauke shi. Dokar tsere tana mayar wa mutum lokacin da ya ɓata wajen taimakon wanda ya ji rauni. A 2021 Pierre Cherpin, ɗan kasuwa Bafaranshe mai shekara 52 da ke cikin rukunin masu akwati, ya rasu a jirgin da ke mayar da shi gida bayan ya faɗi.

Waɗannan sun san abin da suka shiga. Akwai waɗanda ba su shiga kome ba, hanya ce kawai ta bi ta ƙauyensu. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya 'yar shekara 10 a Mali. A 2006 yara maza biyu suka mutu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Jaridar fadar Paparoma, L'Osservatore Romano, ta soki tseren tun 1988, tana ganinsa nunin dukiya ne a gaban mutanen da yunwa da ƙishirwa ke kashewa. Yanzu akwai dokar rage gudu a cikin gari, na'ura tana rubuta gudun kowa, ana kuma horar da mai karyawa. Ƙungiyar da ta san abin da take yi takan sa wannan cikin shirinta kamar yadda take sa taya da mai, gama yaron da ya fito kallo a bakin hanya ɗan wani ne.

Yawancinmu ba za mu taɓa ganin Dakar ba sai a talabijin. Amma babur yana ƙofar gidajenmu, shi ke kai mu gona da kasuwa da asibiti, a kan hanyoyin da wani lokaci ba su fi na tseren kyau ba. Ƙurar hunturun nan da ke shiga hancinmu tana shiga injinsa. Kafin doguwar tafiya ta gaba, mu duba matatar iska da baƙin mai, mu ja sarƙa, mu taɓa birki, mu bi notuna, mu ɗauki ruwa, mu gaya wa mutanen gida hanyar da za mu bi da lokacin da za su sa ido. Mu sa hular kwano, mu kuma sassauta in mun shigo ƙauye.

Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye hanya.